A Ƙaramar Sakandare Ya Kamata a Fara Sakar wa Yaro Alƙalami

Duk mahaifin da yake son sanin abin da ake yi da shekarun ɗansa a ƙaramar sakandare, ba sai ya je ofishin shugaban makaranta ba, ya isa ya ce wa yaron ya zazzage jakarsa a kan tabarma. Zai tarar da littattafan rubutu goma ko fiye, kowane darasi da nasa, an cika shafukansu dam, an ja layi a ƙarƙashin kan kowane darasi, ga kwanan wata a gefe, ga sa hannun malami da jan biro a ƙasa. In ya nemi littafin abokin yaron ya ajiye kusa da wannan, zai ga babu abin da ya bambanta su sai hannun rubutu, domin har kuskuren da aka yi a kan allo ya shiga littattafan biyu a wuri ɗaya. Abin da zai sha wuya kafin ya samu a cikin wannan tulin takardu shi ne sakin layi guda wanda yaron ya zauna ya yi tunaninsa, ya zaɓi kalmominsa, ya rubuta don ya faɗi wani abu da ke cikin kansa. Sai yaro ya yi shekara uku hannunsa bai huta da biro ba, ya fita ba a taɓa neman ya rubuta nasa ba.

A ganina wannan shi ne babban giɓin da ke cikin karatun 'ya'yanmu masu shekara 12 zuwa 15, kuma illarsa ta fi ta rashin kujeru da yoyon rufi, ko da yake waɗannan su ne ake ɗauka a hoto. Tun da aka fara aiki da tsarin 6-3-3-4 (shekara shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a) a 1982 aka ware shekara uku na farkon sakandare a matsayin mataki mai zaman kansa. Daga baya shirin ilimin bai-ɗaya na UBE, wanda aka ƙaddamar a Sakkwato a 1999 aka kuma yi masa doka a 2004, ya haɗe su da firamare suka zama shekara tara na dole kuma kyauta. Ma'anar haka ita ce a nan ne iyakar abin da hukuma ta ɗauki alkawarin bai wa kowane yaro, kuma a garuruwanmu da ƙauyukanmu yara da yawa daga aji uku suke sallama da boko, namiji ya tafi kasuwa ko gareji ko gona, mace a yi mata aure. Wanda zai bar makaranta yana ɗan shekara 15, bayanan da aka ɗura masa kafin damina biyu sun zube. Abin da zai bi shi har tsufa shi ne ko ya iya ɗaukar takarda ya karanta ya gane ba tare da wani ya tsaya a kansa ba, ko ya san yadda ake neman abin da ba a sani ba, ko kuma ya iya rubuta abin da yake nufi yadda wani zai fahimta. Shekarun nan ne kuma lokacin da yaro yake fara gardama da son a ji ta bakinsa, yana ganin shi ma ya kai. Makarantar da ba ta ba wannan zumuɗi aikin yi ba, za ta ƙare ne da yaƙar sa da bulala.

Ba na cikin masu ɗora wa malamai laifin komai. Kwafar darasi daga allo larura ce da ta daɗe har ta zama al'ada. A makarantar da ɗalibai ba su da littafin karatu, littafin rubutun nan shi kaɗai ne abin da yaro zai duba in jarrabawa ta matso, don haka dole malami ya sa a rubuta littafin karatun da hannun yaron. Manufar ilimi ta ƙasa ba ta yarda aji ya wuce ɗalibi arba'in ba, amma a manyan biranen Arewa ba abin mamaki ba ne ka shiga ajin da ya haura ɗari, wasu a kan benci, wasu a ƙasa, wasu a bakin taga, kuma a irin wannan aji babu abin da ke kawo shiru kamar a cika allo da rubutu a ce kowa ya kwafa. Idan masu duba makarantu suka zo kuwa, abin da suke nema a ajiye musu shi ne tsarin darasin malami da littattafan yara, su gwada da manhaja su ga ko an kai inda ya kamata a kai a wannan makon. Malamin da littattafan ɗalibansa suka cika ya fita kunya, wanda kuwa ya kashe minti arba'in yana sauraron yara suna muhawara ba shi da abin nunawa. Har ta kai a wasu makarantu malami yakan miƙa wa monita ko wata ɗaliba mai kyan rubutu tsohon littafinsa, ta hau allo tana rubutawa aji yana kwafa, shi kuma ya wuce wani ajin da ba shi da malami.

Sakamakon yana bayyana ne ranar da aka ce yaro ya yi insha'i. A ce ya rubuta wa abokinsa wasiƙa, sai ka ga rabin aji sun buɗe da jimla iri ɗaya ta Turanci da suka haddace daga wani littafin share fagen jarrabawa, mai cike da manyan kalmomin da ba su san ma'anarsu ba, daga nan kuma alƙalami ya tsaya cik domin hadda ta ƙare. A ce ya ba da labarin ranar da ba zai manta da ita ba, sai yaron da bai taɓa fita daga ƙaramar hukumarsu ba ya ba da labarin yawon shaƙatawa a bakin teku, saboda shi ne samfurin da aka ba su. Wannan yaron shi ne bayan shekara uku zai zauna jarrabawar WAEC a nemi ya rubuta kalmomi 450 a kan batun da bai taɓa gani ba. A nan ake fara neman wanda zai shigo da amsa a cikin safa, a nan iyaye suke fara cigiyar makarantun da ake cewa ba a faɗuwa a cikinsu. Muna yawan maganar satar amsa a matsayin lalacewar tarbiyya, kuma lalle tana daga ciki, amma yaron da aka horar shekara da shekaru a kan cewa amsa tana hannun wani, aikinsa kawai ya kwafo ta, bai ga wani babban bambanci tsakanin allo da takardar maƙwabcinsa ba.

Na san abin da malami mai aji ɗari zai fara ce mini: yaran da kake magana a kansu, da yawansu sun shigo aji ɗaya ba su iya karanta jimla ba, ina maganar su koyi abu da kansu? Wannan gaskiya ce mai ɗaci. Rahoton da Bankin Duniya da abokan aikinsa suka fitar a 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara tara cikin goma masu shekara 10 ba sa iya karanta gajeren labari su gane shi, kuma babu malamin ƙaramar sakandare a Arewa da zai ji wannan ya yi mamaki. Sai dai kwafa ba ta warkar da wannan ciwo, ɓoye shi take yi. Yaron da bai iya karatu ba yana iya zana haruffan da ke kan allo ɗaya bayan ɗaya, littafinsa ya cika kamar na kowa, a sa masa hannu, ya wuce aji biyu ya wuce aji uku babu wanda ya gano shi. Ranar da aka ce kowa ya rubuta layi biyar a kan abin da ya ci jiya da dare, a ranar malami zai san waɗanda suke buƙatar a koma da su baya, kuma zangon farko na aji ɗaya ya fi dacewa da wannan aiki fiye da gaggawar cinye manhaja.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda wasu suke ɗaukar maganar a bar yaro ya koya da kansa a matsayin baƙon ra'ayi da aka kwaso daga Turai, alhali muna da shi a gida. A makarantar allo, kolo yana farawa ne da babbaƙu da farfaru, malam ko wani gardi ne yake rubuta masa allonsa ya biya masa. Amma ba a barin sa a haka. Da zarar hannunsa ya faɗa, shi zai haɗa tawadarsa ya fere alƙalaminsa, ya wanke allonsa, ya duba Alƙur'ani ya rubuta da kansa, sannan ya kawo wa malam ya duba ya gyara. In ya yi nisa ya kai ga satu, daga ka zai rubuta ba tare da dubawa ba, ya kawo a bi masa a nuna masa inda ya zame. A kowane mataki malam yana janye hannunsa kaɗan, ɗalibi yana ƙara ɗaukar nauyin karatunsa, kuma babu malamin tsangaya da zai yi alfahari da almajirin da ya shekara goma har yanzu ana rubuta masa allo. A makarantun zaure ma, inda ake karatun littattafai, ɗalibin kirki ba ya zuwa gaban malam sai ya yi muɗala'a, wato ya zauna shi kaɗai da daddare ya bi darasin gobe, ya duba ƙamus, ya gane abin da ya gane, ya riƙe abin da ya shige masa duhu ya kawo. Malamai suna gane wanda ya yi muɗala'a tun daga jimlar farko da ya ja. Wannan tsari na sakin ɗalibi sannu a hankali shi ne makarantar boko ta rasa, domin yadda ake koyar da ɗan aji huɗu na firamare haka ake koyar da ɗan aji uku na sakandare, bambancin kawai yawan shafukan da ake kwafa.

Ba ina cewa makarantar allo tana koyar da insha'i ba ne, manufarta kiyaye nassi ce yadda yake ba ƙari ba ragi, kuma wannan daidai ne a muhallinsa. Matsala tana zuwa ne idan aka ɗauki irin wannan girmamawa aka ɗora wa bayanin da wani malami ya tsakuro daga littafin zamantakewa ko na kimiyya, har yaro ya rasa maki don ya faɗi ma'anar da kalmominsa maimakon kalmomin da ke kan allo. Akwai kuma wani abu da ya shafi tarbiyyarmu wanda ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kai. Mun taso a kan cewa yaro ba ya musu da babba, ba ya yawan tambaya, kuma kunya ado ce, musamman ga 'ya mace. Ni ma ina ganin kyan wannan a zaure da tsakar gida. Amma idan yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, ban gane ba," ko ta ce ta karanta a wani wuri an faɗi abin daban, aka dube ta a matsayin marar kunya, to ta koyi darasin da ba za ta manta ba, kuma sauran aji sun koya tare da ita. Ana iya yin tambaya cikin ladabi, ana iya saɓa wa malami a ra'ayi tare da rusunawa, kuma aikin makaranta ne ta koya wa yaro yadda ake haɗa biyun.

Daga nan sai maganar harshe, wadda nake ganin ita ce ƙashin bayan al'amarin. Muna neman yaro ya yi abu biyu masu wuya a lokaci guda, ya tsara tunaninsa a rubuce, kuma ya yi hakan da harshen da bai mallaka ba tukuna. Idan ya kasa, ba mu san wanne ne ya kayar da shi ba. Yaron da yake iya riƙe majalisar abokansa da labari har su manta da lokacin cin abinci, a ba shi takarda a ce ya yi da Turanci, sai ya zama kamar bai taɓa tunani ba a rayuwarsa. Shawarata ita ce a fara koyon rubutu da Hausa, inda yaro yake da kalmomi da karin magana da barkwanci, ya koyi yadda ake buɗe zance, yadda ake jera hujja, yadda ake yanke abin da ba shi da amfani. Waɗannan dabaru ba na wani harshe ba ne shi kaɗai, wanda ya iya su da Hausa zai tafi da su Turanci ko Larabci idan kalmominsa suka ƙaru. Ba ina kira a rage Turanci ba ne, domin da shi za a yi jarrabawa, da shi za a nemi aiki, kuma iyayen da suke damuwa da hakan suna da hujja. Abin da nake ƙi shi ne yadda aka mayar da darasin Hausa ɗan bora, a jefa shi ƙarshen rana, a cika shi da haddar rabe-raben baƙaƙe da wasula da sunayen sarautu, alhali shi ne darasi guda da kowane yaro a ajin zai iya rubuta cikakken shafi a cikinsa tun daga makon farko. Wasu makarantun ma har tara suke ci idan an ji yaro yana Hausa, sannan a dawo ana mamakin yadda yara suka zama kurame a aji.

Ga wanda yake shakkar ko matasanmu suna da sha'awar rubutu, ya duba abin da ke faruwa a wajen makaranta. Tun daga shekarun 1980 littattafan da ake kira adabin kasuwar Kano suka cika gari, mafi yawan masu rubuta su da masu karanta su matasa ne, kuma mata suna kan gaba. Yanzu abin ya koma waya, 'yan mata suna rubuta labarai babi-babi suna watsawa a WhatsApp da Facebook da Wattpad, masu karatu suna jiran ci gaba suna tsokaci. Gasar Hikayata da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da marubuta mata waɗanda da ba a san da su ba. Mutum yana iya sukar abin da wasu daga cikin labaran nan suke ɗauke da shi, yana iya sukar ƙa'idar rubutunsu, ni ma ina da nawa ƙorafin, amma ba zai ce babu ƙishirwa ba. Tarihi ma ya nuna haka. A 1933 da Hukumar Fassara ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, cikin waɗanda suka amsa akwai Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukansu matasan malaman makaranta da ba su daɗe da haura shekara ashirin ba. Babu wata doguwar al'adar irin wannan rubutu da boko da suka tarar, an dai nemi su rubuta, an kuma tabbatar musu za a karanta.

Abin da nake nema daga ƙaramar sakandare bai fi ƙarfinta ba. A ware darasi guda a mako wanda a cikinsa kowane ɗalibi zai rubuta shafi ɗaya nasa na kansa, a kan abin da amsarsa ba ta cikin littafin kowa. A tura yaro wurin kakarsa ya tambaye ta yadda aka yi da mutane lokacin da aka canza kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, ko yadda aka sha fama da fari a waɗancan shekarun, ko abin da ta gani da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, ya dawo ya rubuta abin da ta ce da abin da shi ya fahimta. A sa wata ta bi farashin kwanon masara ko gero a kasuwar garinsu daga kaka zuwa bazara, ta rubuta a jadawali, ta tambayi 'yan kasuwa dalilin hawa da sauka, sannan ta faɗi ko ta gamsu da dalilin da suka ba ta. Ɗan Kano ya je marinar Ƙofar Mata ya tambayi marina abin da ake zubawa a cikin karofi da tsawon lokacin da yake ɗauka kafin ya nuna, ɗan ƙauye ya bayyana yadda ake gane gonar da ƙarfinta ya ƙare. A cikin aiki guda irin wannan yaro ya yi tarihi da lissafi da kimiyya da harshe, ya koyi yin sallama ga babba ya nemi bayani, ya koyi cewa mutum biyu suna iya ba da labarin abu ɗaya su saɓa, kuma dole shi ya auna. A aji ɗaya malami zai ba da batu da tambayoyin da za a yi, a aji biyu ya ba da batu yaro ya tsara tambayoyinsa, a aji uku yaro ya kawo batunsa malami ya amince ko ya gyara. Haka ma kwafar darasi: maimakon a cika allo kullum, wani lokaci malami ya yi bayani, ko ya karanta shafi biyu, sannan ya ce kowa ya rubuta muhimman abubuwa biyar da ya ji da kalmominsa, a ƙarshe a haɗu a gwada.

Sai tambayar da ba ta da makawa, wa zai duba takarda ɗari kowane mako? Babu wanda zai iya, kuma ba a buƙatar hakan. Kuskurenmu shi ne ɗaukar cewa duk abin da yaro ya rubuta sai malami ya bi shi da jan biro harafi bayan harafi. Takardar da ta dawo jajawur ba ta koya wa yaro komai sai tsoro, gobe zai rubuta gajerun jimlolin da ya tabbata babu kuskure a cikinsu, ko ya koma ga hadda. Tela ba ya korar yaron shago don ya ɓata ƙyallen da aka ba shi ya koyi ɗinki a kai, saboda ya san don a ɓata aka ba shi. Malami yana iya raba aji rukuni-rukuni, kowane yaro ya karanta wa 'yan rukuninsa abin da ya rubuta, su gaya masa inda suka gane da inda ya ɓace musu; wanda ya karanta rubutunsa da ƙarfi yakan ji inda ya yi tuntuɓe kafin kowa ya faɗa masa. Malami ya ɗauki takardu goma sha biyar ko ashirin kawai a mako, bi da bi, ya yi magana a kan abu ɗaya ko biyu, ya fara da abin da yaron yake ƙoƙarin faɗa kafin ya zo kan ƙa'idar rubutu. Sannan a mayar wa yaro ya sake rubutawa, domin a sake rubutu ne ake koyon rubutu, kuma wannan ne matakin da kusan babu shi sam a makarantunmu. A ƙarshen zango a zaɓi mafi kyau a manna a bangon makaranta, ko a karanta a taron safe, ko a ɗinke su wuri guda a ajiye don 'yan baya.

Ba a rubutu ba tare da karatu ba, kuma a nan talaucinmu ya fi fitowa fili. Makarantu da yawa suna da ɗakin da aka rubuta wa suna ɗakin karatu, amma ko dai a kulle yake don kada littattafai su ɓata, ko an mayar da shi wurin ajiye karyayyun kujeru. Akwatin ƙarfe guda a kowane aji, mai ɗauke da littattafai talatin ko arba'in na Hausa da Turanci masu sauƙi, da ƙamus guda, da tsofaffin jaridu, a damƙa mabuɗinsa a hannun ɗalibai biyu su riƙa rubuta wanda ya ara da ranar da zai dawo da shi, ya fi babban ɗakin da ba a shiga amfani. Wasu littattafan za su yage, wasu za su ɓata, kuma wannan asara ce da ya kamata a sa a lissafi tun farko. Ƙungiyar tsofaffin ɗalibai da kwamitin iyaye da malamai suna iya cika irin wannan akwati da abin da bai kai kuɗin walimar da ake yi ranar yaye ɗalibai ba.

Waya ta ƙara wa maganar gaggawa. Tun daga ƙarshen 2022 da ChatGPT ya fito, sannan aka saka Meta AI a cikin WhatsApp, wato fasahohin da ake rubuta wa tambaya su ba da amsa nan take, duk aikin gidan da ake iya amsawa da bayanin da kowa ya sani ya zama aikin minti ɗaya, yaro ya ari wayar yayarsa ya rubuta tambaya ya kwafo amsa. Wanda aka rena a kan kwafa ba zai ga aibin haka ba, allo ne kawai ya sauya. Hana waya a makaranta yana da nasa amfanin, amma ba ya bin yaro gida. Abin da ya rage a hannun malami shi ne ya ba da aikin da na'ura ba ta san amsarsa ba, irin abin da kakar yaron ta ce ko farashin kasuwar ƙauyensu a makon jiya, ya sa a yi wani sashe na rubutun a aji a gabansa, kuma ya riƙa kiran yaro ya tsaya ya yi bayanin abin da ya rubuta da baki. Tambaya biyu sun isa a gane ko rubutun nasa ne. Ya kamata kuma a nuna wa yara a fili cewa na'urar tana kuskure cikin cikakken tabbaci, musamman a kan tarihinmu da harshenmu, a ba su amsarta su bincika su kamo inda ta zame.

Na san duk wannan ba zai zauna ba muddin ba shi da maki, domin ɗalibi da malami da iyaye duk abin da jarrabawa take tambaya suke bi. Amma ƙofar a buɗe take, tunda tsarin da ake da shi ya riga ya ware wani kaso na makin kowane zango ga ayyukan da ake yi a cikin zangon, kason da yawanci ake cikewa da ƙananan gwaje-gwajen hadda ko da duba cikar littafin rubutu. Ma'aikatun ilimi na jihohi da hukumomin ilimin bai-ɗaya na jihohi, wato SUBEB, suna da ikon cewa rabin wannan kaso ya fito daga rubutun da ɗalibi ya yi da kansa ya kuma sake gyarawa, su umarci masu duba makarantu su nemi ganin waɗannan takardu kafin su nemi littafin kwafa. Kwalejojin ilimi da ke ba da shaidar malanta ta NCE su ma suna da nasu aikin, domin malamin da shi kansa ya gama karatunsa da haddar takardun da aka sayar masa ba zai koyar da abin da bai taɓa yi ba. Ya kamata ɗalibin malanta ya yi irin wannan rubutu a kai a kai kafin a ba shi aji. Jihohin da suka ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi, kamar yadda Kano ta yi a 2024, suna kashe kuɗi masu yawa a gini da kujeru da ɗaukar malamai, kuma ana buƙatar duk wannan. Sauyin da nake magana a kansa ba ya buƙatar irin waɗannan kuɗaɗe masu yawa, takardar umarni ce daga ma'aikata, da horon 'yan kwanaki ga malaman Hausa da na Turanci, da darasi guda a jadawalin mako wanda shugaban makaranta ba zai yarda a cinye shi da kwafa ba.